Dabarun Jawo Mai Karatu: Wanne Ne Kira, Wanne Ne Tarko?

A duk shekarar da na koyar da darasin insha'i, akwai tambayar da nakan yi wa ɗalibai a makon farko, wato: idan ka gama rubutunka, wa zai karanta? Amsar da aka fi ba ni ita ce, "Malam, kai mana." Amsa ce ta gaskiya, domin tun daga firamare har zuwa kwaleji ɗalibi bai taɓa yin rubutun da ya wuce teburin mai ba da maki ba. Malami kuwa mai karatu ne na dole. Ko rubutu ya yi armashi ko bai yi ba sai ya karanta, tunda aikinsa ke nan, a kansa ake biyan sa albashi. Matsalar takan fito ne ranar da ɗalibin ya bar makaranta, ya tarar da cewa a waje babu mai karatun dole ko ɗaya.

A zamanin da muke ciki wannan magana ta ƙara nauyi. Wayar salula ta shiga hannun manomi da ɗan tireda da matar aure a ɗakinta, kuma duk wanda ya iya haɗa baƙi yana iya wallafa abin da ya ga dama a intanet, ba tare da ya bi ta hannun edita ko maɗaba'a ba. Marubuta sun yi yawa, lokacin mai karatu kuwa bai ƙaru ba, kuɗin datarsa ma ƙidayayye ne. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin masu wannan rubutu da kuɗin talla suke ci, shi kuma kuɗin talla yawan idanun da suka leƙo yake bi, ba ya tambayar ko masu idanun sun ƙaru da wani abu. Daga nan ne aka sami wani fanni mai zaman kansa na dabarun jawo mai karatu. Ra'ayina, wanda zan kare a wannan maƙala, shi ne neman masu karatu ba abin kunya ba ne, wajibi ne ma a kan marubuci. Sai dai dabarun iri biyu ne, akwai kira akwai tarko, kuma malamin Hausa da bai iya rarrabe su ba zai yaye ɗaliban da ko dai ba a karanta su, ko kuma ana karanta su ana cutuwa.

Ba yau aka fara ba

Wanda ya taɓa cin kasuwar Gummi ko ta Nasarawar Burkullu ya ga irin dabarun nan guda biyu da idonsa, ko da bai ba su suna ba. Ga mai fura tana kiran furarta. Abin da ta kira shi ne a cikin ƙwaryarta, wanda ya zo ya san abin da ya zo saye. Ga kuma gardi ya fito da maciji ko kura, jama'a ta yi masa zobe, sai da fili ya cika sannan ya kwance jaka ya fara fito da layu da ƙulle-ƙullen magani. Ba ina cewa maganin gardi ba ya ci ba ne, wannan tsakaninsa da mai saye. Abin lura dai shi ne ba kurar ake sayarwa ba, ita aikinta tara mutane. To, wannan shi ne bambancin da nake nufi. Kira shi ne ka ambaci abin da ke hannunka ta hanyar da mai buƙatarsa zai ji. Tarko shi ne ka nuna wani abu domin ka sayar da wani.

A fagen rubutun boko, babban misalin kira shi ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. A dubi sunan kawai. Ya faɗi farashi, ya yi alkawari, ya kuma yi habaici ga jita-jitar da ta cika gari a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, duk a cikin kalmomi huɗu. Amma suna kaɗai ba ya riƙe mai karatu. Abin da ya riƙe shi shi ne irin Hausar da Imam ya zaɓa, wadda idan mutum ɗaya mai ilmin boko ya karanta a zaure, goma da ba su iya karatu ba za su fahimta, sai kuma filin wasiƙu, inda mutumin ƙauye zai ga sunansa da na garinsu a buge. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta ƙara matsowa kusa da mai karatu, ta fito da ƙananan jaridu na larduna, irin su Himma a Katsina da Sodangi a Kano da Zaruma a Lardin Sakkwato, wanda a wancan lokaci Anka da Gummi da Bukkuyum suke cikinsa. Hikimar a bayyane take: sabon mai karatu ya fi ɗokin labarin garinsu a kan labarin Ingila.

Daga baya, a shekarun 1980 da 1990, sai ga marubutan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa ayyukansu suna Adabin Kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Mu malaman manyan makarantu mun daɗe muna yi wa waɗannan littattafai kallon hadarin kaji, muna ƙirga kurakuran ƙa'idojin rubutun da ke cikinsu. Kurakuran suna nan, ban janye ba. Amma dole mu yarda cewa sun samo masu karatun da mu muka kasa samowa, musamman mata, domin sun yi magana a kan kishiya da auren dole da zawarci, wato abin da ke cin ran mai karatun. Dabararsu ta raba labari gida biyu ko uku, a yanke shi daidai inda numfashi ya tsaya, ita ce yau ta koma WhatsApp da Wattpad, inda ake ba da shafukan farko kyauta sannan a nemi kuɗin sauran. Shin wannan kira ne ko tarko? A nawa ganin ya danganta da littafi na biyu. Idan ya biya bashin da na farko ya ci, kira ne.

Yadda na'ura take nemo rubutu

Sabon abin da zamani ya kawo shi ne, tsakanin marubuci da mai karatu yanzu akwai dillali, kuma dillalin ba mutum ba ne. Mai neman bayani yakan rubuta 'yan kalmomi a manhajar bincike irin Google, wadda 'yan jarida suke yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata, ita kuma ta jero masa rubuce-rubucen da take ganin sun dace. A taƙaice, manhajar tana tattara rubutun da ke intanet, ta adana kalmomin da ke cikin kowanne, sannan ta gwada su da kalmomin mai tambaya. Wajen jerawa kuwa, Google ta yi fice tun kafuwarta a 1998 da wata dabara, wato duba yawan rubuce-rubucen da suka yi nuni zuwa ga wani rubutu, kamar dai yadda ake gane ƙasaitar malami da yawan malaman da suke kafa hujja da shi. Mafi yawan masu tambaya ba sa wuce amsoshin farko, saboda haka kowa yana kokawar ya hau sama. Wasu sun yi ta cusa kalma ɗaya sau talatin a rubutun da ba shi da komai a ciki, har kamfanin ya sauya ma'auninsa a 2011 domin ya danne irin wannan holoƙon hadari, kuma bai daina sauye-sauyen ba.

A nan ne maganar ta shigo gonar mai nazarin harshe, domin abin da na'urar take gwadawa kalma ce, kalma kuwa sana'armu ce. Mu ɗauki sunayen garuruwan nan uku na yammacin Zamfara. Anka suna ne na garin da gidan sarautar Zamfara ya zauna a cikinsa tun ƙarni na 19. Amma a bakin mutumin garin kansa, "anka" ita ce "aka" ta Daidaitacciyar Hausa, kamar a "anka zo" da "anka yi". A wajen ƙasar Hausa kuma sunan wani mawaƙi ne ɗan Kanada, Paul Anka, kuma sunan wani jirgi maras matuƙi ne da Turkiyya take ƙerawa. Mutum yana rarrabe waɗannan cikin ƙiftawar ido, na'ura kuwa sai an taimake ta. Gummi ma haka. Shahararren ɗanta, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, da "m" ɗaya ake rubuta sunansa, don haka wanda ya nemi "Gumi" zai fi cin karo da shi da ɗansa Dokta Ahmad a kan garin, idan ma bai ci karo da gumin zufa ba. (Shi kansa Shaihun, a cikin baka, ya fahimci wannan fanni da wuri: bai tsaya ga masu zuwa Masallacin Sarkin Musulmi Bello na Kaduna ba, ya bi mai sauraro har gida ta Rediyon Kaduna.) Bukkuyum kuwa ana ganin ta a rubuce da siffofi dabam-dabam, Bukkuyum da Bukuyum da Bukwium. Darasin farko ke nan, kuma tsohon darasi ne na insha'i: ambaci abu da cikakken sunansa, "Anka ta Jihar Zamfara", ka ambace shi tun a take da sakin layi na farko, kuma ka tsaya a kan rubutu ɗaya. Wanda ya yi haka ya yi wa na'ura sauƙi, ya yi wa mutum ma.

Akwai inda abin ya fi wuya, kuma ba zan ɓoye muku ba. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ne suke raba "baki" da "baƙi", da "kafa" da "ƙafa", da "bata" da "ɓata". An sha wahala kafin a tsayar da su, tun daga aikin Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Sai ga shi yau akasarin masu rubutu a waya ba sa sa su, kuma sau da yawa na'ura tana ɗaukar "k" da "ƙ" a matsayin haruffa biyu da ba su san juna ba. Ma'ana, wanda ya rubuta "ƙasa" daidai yana iya ɓace wa wanda ya nemi "kasa". Haka lamarin yake a rabuwar kalmomi: "ya yi" da "yayi", "ba shi" da "bashi", "ta ce" da "tace". Na ji matasan marubuta suna kafa hujja da wannan suna cewa bin ƙa'ida asara ce. Ban yarda ba. Da farko, allon rubutun waya yana da Hausa da lanƙwasarta, sai dai ba a koya wa yara kunna shi ba, wannan kuwa laifinmu ne mu malamai. Na biyu, na'urar daga abin da muke rubutawa take koyon Hausa. Google ta sa Hausa a manhajarta ta fassara a 2013, kuma duk irin waɗannan manhajoji da rubutun mutane ake ciyar da su. Idan muka ba ta gurɓataccen rubutu, shi za ta riƙe a matsayin daidai, ta dawo wa 'ya'yanmu da shi. Wanda ya zubar da ƙa'ida don ya sami masu karatu ɗari yau, ya sayar da gonar gado ne don cefanen rana ɗaya.

Batun karin harshe kuwa ban tsananta a kansa ba. Mutumin Bukkuyum yana cewa "kassuwa" da "zamna" da "biyat", kuma a labarin ƙirƙira ko waƙa, wannan kari shi ne gishirin. Amma rubutun da ake son Bakano da Bazazzagi da mutumin Maraɗi su nemo shi, to a yi shi da Daidaitacciyar Hausa, a bar Zamfarcin a bakin taurari.

Darasin Bagega

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu yana amsa tambayar "yaya" ne. Tambayar da ta fi ta ita ce "wa", kuma ban san misalin da ya fi fito da ita fili kamar abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum ba.

A farkon 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinari yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gari a niƙa, wani lokaci a cikin gida, ƙurar ta bi ƙasa inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a Anka, da 'Yar Galma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira. Likitoci kuwa ba za su iya fara ba da magani ba sai an tsabtace gari, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan aikin baban giwa aka yi. Kuɗin da ake jira daga Gwamnatin Tarayya, naira miliyan 850, ya maƙale wata da watanni.

A nan ne wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara gangamin ceto Bagega a kafafen sada zumunta a 2012, ƙarƙashin shirinsu na Follow The Money, ƙungiyar Human Rights Watch ma ta sa baki. Idan aka duba abin da suka yi da idon mai koyar da insha'i, za a ga kira ne tsantsa. Sun zaɓi sunan gari ɗaya, gajere, wanda ba ya rikicewa da komai, suka maimaita shi har ya zauna a kunne. Sun tsaya a kan buƙata ɗaya, wato a saki kuɗin. Hotunan da suka nuna na wurin ne, adadin da suka faɗa yana da tushe. A farkon 2013 aka saki kuɗin, a shekarar aka tsabtace Bagega, yara suka fara samun magani. Ba na cewa rubutu kaɗai ya yi wannan aiki, hannaye da yawa ne suka ɗauki jinkar, amma rubutun ya kai maganar kunnen da ya kamata.

Da Ingilishi aka yi wancan gangami, kuma daidai ne, domin mai karatun da ake nema yana Abuja ne da Legas da ƙasashen waje, inda makullin baitulmali da masu matsa wa mai riƙe da shi suke. Amma akwai wata mai karatu ta biyu, ko in ce mai sauraro, wadda wancan rubutu duka bai taɓa isa gare ta ba, ita ce uwar da ke Dareta da yaro a bayanta. Ita ba ta neman "gubar dalma", wataƙila ba ta taɓa jin an haɗa kalmomin biyu ba. Tambayarta ita ce, me ya sa ɗana yake amai yana jijjiga? Wanda yake son ya kai gare ta, daga wannan tambaya zai ɗauko takensa, da Hausar da take ji, ta bakin rediyo ko mai shela ko malamar makarantar Islamiyya, ya gaya mata kada a niƙa dutse a gida, a wanke hannun yaro kafin ya ci abinci, mahaƙi ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa. Mutum dubu ɗari a Landan ba za su maye gurbin wannan mace ɗaya ba, ita ma ba za ta maye gurbinsu ba. Saboda haka idan wani ya zo yana alfahari da yawan waɗanda suka leƙa rubutunsa, nakan tambaye shi: su wane ne, kuma su ne waɗanda maganar ta shafa?

Inda tarko yake kisa

A wani wuri, taken yaudara ɓata lokaci kawai yake yi. An rubuta "Ba za ka yarda da abin da wannan jarumar ta aikata ba", ka latsa, ka tarar sabon lalle ta yi. Ka yi tsaki ka wuce. A yammacin Zamfara abin ya wuce tsaki. Yanki ne da ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, kuma masu farautar idanu sun gane cewa babu kurar da ta kai labarin mutuwa tara jama'a. A watan Janairun 2022 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin sun ce waɗanda aka kashe sun kai kimanin 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Ɗan jarida mai mutunci yakan kawo adadin biyu ya faɗi mai kowanne, kuma da yawa sun yi haka. Mai tarko kuwa babba yake ɗauka, ya ƙara masa wani abu, ya liƙa hoton da ba na wurin ba, ya rubuta "Yanzu-yanzu" a sama, ko da labarin ya kwana uku. Haka aka yi ta tseren adadi lokacin da kwalekwale ya kife da manoma a Gummi cikin Satumbar 2024, tun ana neman mutane a ruwa.

Na taɓa ganin farashin wannan a cikin ajina. Wani ɗalibi daga wajen Bukkuyum ya duba wayarsa ana tsakar darasi, ya miƙe ya fita ba sallama. Wani ne ya turo masa labari mai ɗauke da sunan ƙauyensu da hoton gidaje suna ci da wuta. Ya kira gida layi bai shiga ba, ya ci bashin kuɗin mota ya kama hanyar da ita kanta ba ta da aminci, ya isa ya tarar da mahaifiyarsa tana sussuka. Hoton na wata shekara ne, a wani gari. Wanda ya haɗa labarin ya sami idanun da yake nema. Yaron da ya kashe kuɗi ya jefa ransa cikin haɗari bai shiga lissafinsa ba. Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ta fi wannan daɗewa: ranar da labarin gaskiya ya zo, wanda aka saba yaudara zai yi jinkirin yarda, jinkiri kuwa a irin wannan wuri yana iya zama ajali.

Na san abin da za a ce mini, domin ɗalibai sun sha faɗa: "Malam, gaskiya ba ta sayuwa. Wanda ya yi take mai sanyi ba mai kallon sa." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan musa ba. A rana ɗaya tarko yakan fi kira kamu. Amma take na gaskiya ba dole ne ya zama mai sanyi ba. Sanyin daga kasalar marubuci yake. "Bayani a kan Muhimmancin Tsabta" take ne na gaskiya, kuma matacce ne. "Abin da ke cikin ƙurar dutsen zinari da yake kashe yara" shi ma gaskiya ne, amma uwa za ta tsaya. Bambancinsu shi ne na biyu ya ambaci abu takamaimai, ya kuma san wanda yake yi wa magana. Sannan mai tarko kullum sabon mutum yake nema, domin na jiya ya gane shi, alhali mai kira yana tara waɗanda suke dawowa. Sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957, kuma abin da ya sa dattijo a ƙauye yake cewa sai ya ji daga can kafin ya yarda, ba ƙarfin take ba ne. An ga amfanin irin wannan jari a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, har mutane suna tafiya wata jiha don su kira 'yan'uwansu. A waɗannan makonni duk mai dogaro da latsawa ya rasa kasuwarsa a jihar dare ɗaya. Abin da ya saura shi ne akwatin rediyo da bakin mutumin da aka sani ba ya ƙarya.

Abin da ya rage gare ku

Ku da za ku riƙe alli nan gaba kaɗan, ku ne kuke ƙera marubucin da mai karatun duka biyu, a aji ɗaya. Don haka ina ganin lokaci ya yi da za mu daina ɗaukar take a matsayin layin da ake ja wa ƙasa kawai a saman insha'i. A ba shi darasi nasa. A kawo wa yara kanun labarai na gaske daga jarida ko waya, a karanta labarin tare, sannan a tambaye su ko taken ya cika alkawarinsa. Yaron da ya yi wannan sau biyar ba zai tura hoto ba tare da ya tambayi ranarsa ba. A koya musu kunna haruffan Hausa a waya, aikin minti biyu ne. Sama da duka, a fitar da rubutunsu daga teburin malami, a nemo masa mai karatun da ba na dole ba.

Wata ɗalibata da ta yi aikin gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta gwada wannan na ƙarshe. Ta sa 'yan aji uku su rubuta shafi ɗaya a kan wani abu da ke damun gidansu, su karanta shi da ƙarfi a tsakar gida bayan sallar isha'i, su dawo su faɗa mata mutum nawa suka zauna har ƙarshe, kuma a wane layi na farko ya tashi. Yawancinsu sun dawo da labarin cewa an watse tun a gabatarwa, inda suka tsaya kawo ma'anar kalma kamar yadda muka koya musu. Yarinya ɗaya ce ta sauya takenta sau uku kafin ta tsaya a kan "Me ya sa ba a niƙa dutse a injin hatsi?" Ta ce da ta gama, kishiyar mahaifiyarta ta ce ta sake karantawa daga farko, amma ta dakata tukun a kira maƙwabciya.